Shinge Goma Cikin Sakan Goma Sha Biyu: Labarin Glory Alozie

Ran Laraba, 27 ga watan Satumba, 2000, mata takwas suka jeru a bakin layi cikin babban filin wasa na birnin Sidni, ƙasar Ostareliya, domin tseren ƙarshe na mita 100 na tsallake shinge a Wasannin Olimfik. Cikinsu akwai wata gajeriyar 'yar Nijeriya mai shekara 22, sunanta Glory Alozie, wadda tsawonta duka mita 1.55 ne. Ita ta zo ta biyu, ta karɓo wa ƙasar nan lambar azurfa. Mako uku kafin wannan rana mota ta kashe saurayin da za ta aura. Kafin shekara ta zagayo kuwa ta zama 'yar ƙasar Sifaniya, duk lambar da ta ƙara ci daga nan wata tuta aka ɗaga mata, ba tamu ba.

Ta daɗe da daina shiga gasa, yawancin yaran da ke makaranta yanzu ba su ko taɓa jin sunanta ba. Amma ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis na ƙasar Haɗejiya su san labarinta, gama yana nuna abu guda a fili. Baiwa a ko'ina a kan haife ta, amma wanda ya rene ta, ya kuma kula da takardunta, shi ke cin moriyarta. Reno aikin malami ne, takarda kuwa aikin akawu.

YADDA TSEREN YA KE

Kafin mu shiga labarin, bari mu bayyana wasan kansa, don wanda bai san nauyin kaya ba ba ya yaba wa ɗan dako.

Tsawon filin mita 100 ne, watau kamar yadi 109. A kan jera shinge 10 gaban kowace mai gudu, kowane ɗaya tsayinsa santimita 83.8, watau ƙafa 2 da inci 9. Daga layin tashi zuwa shinge na farko mita 13 ne, tsakanin shinge da shinge mita 8 da rabi, daga na ƙarshe zuwa layin gamawa kuwa mita 10 da rabi. In a cikin zaure mai rufi za a yi, kamar yadda Turawa kan yi da hunturu, sai a rage tsawon ya koma mita 60, shinge kuma 5. An fara sa mata cikin wannan tsere a Olimfik a 1932, a birnin Los Anjalis na Amurka, sa'an nan mita 80 a ke yi. Daga wasannin Munik na 1972 aka mai da shi mita 100.

Wanda bai sani ba sai ya zaci tsalle ne abin. Gwanaye kuwa sun san mai tashi sama ita ke zuwa baya, don muddin ƙafa tana iska ba ta ƙara sauri. Abin da a ke so mai gudu ta miƙe ƙafar gaba ta shafi kan shingen kamar za ta taɓa shi, ta jawo ta baya a karkace, ta dira nan da nan. Tsakanin shinge biyu taku uku kaɗai a ke yi, ba ƙari ba ragi, har sau tara. In taku ɗaya ya ɓaci, sauran duka sun ɓaci. Gail Devers ta Amurka, wadda ta ci zinariyar gudun mita 100 na fili sau biyu a Olimfik, tana kan gaba a tseren shinge a Basalona cikin 1992, sai ta yi tuntuɓe da shinge na goma, ta ƙare ta biyar.

To, ku auna wannan da jikin Alozie. Shingen ya fi rabin tsawonta. Takun da doguwa za ta yi a sauƙaƙe, ita sai ta buɗe ƙafa iyakar buɗewa, kuma ta yi shi da sauri fiye da na doguwar. Da malaminta na fari ya dubi tsawonta ya ce ta koma gefe, da ba wanda ya ga laifinsa, da kuwa ba mu da labarin da za mu ba ku yau.

MAFARINTA

An haifi Glory Alozie ran 30 ga Disamba, 1977, a wani gari wai shi Amator, cikin ƙasar Ibo. Garin yana Jihar Abiya yanzu, jihar da aka kafa rana ɗaya da tamu ta Jigawa, ran 27 ga Agusta, 1991.

Tun ba ta cika shekara 19 ba sunanta ya fito. Cikin 1996 ta ci tseren shinge a gasar Afirka da aka yi a Yawunde, ƙasar Kamaru, ta kuma zo ta biyu a gasar matasa ta duniya. Abin mamaki, a birnin Sidni aka yi wannan gasa ta matasa, birnin da za ta komo bayan shekara huɗu ta sha daɗi da ɗaci a ƙwarya guda. Shekarar nan ta 1996 kuwa ita ce wadda Chioma Ajunwa ta ci zinariyar tsallen nesa a Atalanta da mita 7.12, 'yan matan Kudu da yawa suka ga ashe abin mai yiwuwa ne.

Cikin 1997 ta tashi ta koma Sifaniya da zama, a birnin Balansiya da ke bakin Bahar Rum. Masu karatun littattafan Larabci sun san wannan birni cikin tarihin Andalus. A can ta shiga hannun wani mai horo, Rafael Blanquer, wanda shi ma tsohon gwanin tsallen nesa ne. Wurinsa ta sami abin da gwaninta ke bukata: fili mai kyau kullum, shinge na ƙwarai, likita kusa, da idon malami guda wanda ke duban kowane taku nata safe da yamma. Shekara guda tak bayan haka duniya ta ga bambanci.

SHEKARUN GANIYA

Cikin Agusta 1998, a Monako, Alozie ta gama tseren cikin sakan 12.44. Ba wata mace a Afirka da ta taɓa yin wannan sauri. Don kada a ce dace ne, sai ta sāke yin 12.44 a Burasal, ƙasar Beljiyam, cikin watan nan dai. A wannan shekara ta ci gasar Afirka a Dakar, ta kuma ci Kofin Duniya a Johannasbag, inda ta tsaya wa nahiyar Afirka duka.

Shekarar 1999 ta zo mata da azurfa biyu manya. Ta fari a Maebashi, ƙasar Japan, cikin tseren mita 60 na gasar duniya ta cikin zaure. Ta biyu a babbar gasar duniya da aka yi cikin Agusta a birnin Sabil, wanda Larabawa ke kira Ishbiliya. A nan ta yi 12.44 karo na uku, amma Gail Devers ta riga ta da 12.37. Bayan 'yan makonni ta ci zinariya a Wasannin Afirka a Johannasbag. Cikin wannan shekara kuma ta yi gudun mita 100 na fili, ba shinge, cikin sakan 10.90, wanda ke nuna inda asirinta ya ke. Abin da ta rasa a tsawo ta same shi a saurin ƙafa, horo kuma ya koya mata yadda za ta ratsa shinge ba tare da ta zubar da saurin nan ba.

Cikin 2000 ta ƙara cin gasar Afirka a Aljiyas, karo na uku ke nan. Saboda haka sa'ad da 'yan wasan Nijeriya suka sauka Ostareliya, duk mai bin labarin guje-guje ya san zinariya tana tsakaninta da mata biyu ko uku.

SIDNI

Akwai wani saurayi, Hyginus Anugo, ɗan tseren mita 400, wanda aka yi musu alkawarin aure da ita. Shi ma ya je Sidni tare da 'yan wasan Nijeriya. Saura kamar mako guda a buɗe wasanni, yana ƙetare titi, mota ta buge shi, ya mutu.

Jaridun lokacin sun ba da labari cewa Alozie ta yi kwanaki ba ta iya cin abinci, ta rame ƙwarai, har mutane suka ɗebe tsammanin za ta yi gudu. Malaminta Blanquer ya tsaya a kanta, yana lallashinta ta ci, yana mai da ita fili sannu-sannu. Ku tuna, mai tseren shinge ba ta da inda za ta ɓoye rauninta. In ƙarfin cinya ya ragu, taku ukun nan ba za su kai ta gindin shinge daidai ba. In hankali ya rabu, ƙafa za ta bugi katako. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ta shiga, ta haye zagayen farko da na biyu, ta haye na kusa da ƙarshe. A wannan zagaye ne Gail Devers ta ji ciwo a cinya ta tsaya, ba ta kai ƙarshe ba. Da aka harba bindiga a tseren ƙarshe Alozie ta fita da kyau, ta shiga gaba, tana gaba har wajen shingayen ƙarshe. Nan Olga Shishigina ta ƙasar Kazakistan ta cim mata, ta wuce da ƙyar. Agogo ya nuna Shishigina 12.65, Alozie 12.68, Melissa Morrison ta Amurka kuma 12.76.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Mai gudun mita 100 cikin sakan 12.68 tana cin kusan mita 8 kowane sakan. Bambancin da ke tsakaninsu kashi 3 ne cikin 100 na sakan ɗaya, watau kimanin santimita 24, bai ko kai tsawon rular ɗan makaranta ba. Wannan ɗan taƙi shi ya raba zinariya da azurfa, ga mace wadda mako uku da suka wuce ba ta iya haɗiyar lomar abinci. Lamba uku kaɗai Nijeriya ta samo daga Sidni: tata, da ta Ruth Ogbeifo mai ɗaga nauyi, da ta maza masu tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu.

CANJIN ƘASA

Cikin Yuli 2001 Gwamnatin Sifaniya ta ba ta takardar zama 'yar ƙasa. Mutane da yawa a nan gida suka ji zafi, waɗansu har suka ce butulci ne. Amma mai adalci ya dubi abin da ke fili. Shekara huɗu tana zaune a Balansiya. Malaminta can ya ke, filin horonta can, likitanta can, wanda ya riƙe ta cikin kwanakin makoki kuma mutumin can ne. Tsuntsu inda ya ga tsaba nan ya ke sauka.

Canjin bai zo mata a sauƙaƙe ba. Farkon 2002 ta shiga gasar Turai ta cikin zaure a Biyana, ƙasar Ostiriya, ta kuwa riga kowa a tseren mita 60. Daga baya hukumar wasanni ta soke sakamakon, ta ce ƙa'idar canja ƙasa ba ta cika ba tukuna, aka ɗauki zinariyar aka ba Linda Ferga ta Faransa. Ƙafa ta ci lamba, takarda ta ƙwace. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ba ta karaya ba. Cikin Agusta na shekarar nan, bayan takardu sun daidaita, ta ci zinariyar gasar Turai a Munik da sakan 12.73. Ta haka ta zama wadda ta riƙe sarautar tseren shinge ta nahiya biyu, Afirka da Turai. Cikin 2003 ta sami azurfa a gasar duniya ta cikin zaure a Bamingam, ƙasar Ingila, a bayan Devers dai, ta kuma zo ta huɗu a babbar gasar duniya a Faris. A Olimfik na Atina cikin 2004 ta tsaya a zagayen kusa da ƙarshe. Ta ci zinariya a Wasannin Ƙasashen Bahar Rum a 2005, sa'an nan cikin 2006 ta ƙara samun azurfa a gasar duniya ta cikin zaure a Mosko, inda Derval O'Rourke ta ƙasar Ailan ta riga ta da kashi 2 cikin 100 na sakan.

In an lissafa, sau biyar ta zo ta biyu a gasar manya ta duniya duka: Maebashi, Sabil, Sidni, Bamingam da Mosko. Uku na farko da rigar Nijeriya, biyu na baya da ta Sifaniya. Zinariyar duniya ba ta taɓa shiga hannunta ba a waɗannan wurare, amma shekara bakwai cur tana cikin na gaba-gaba a wasan da yawancin masu yinsa ciwon gwiwa ko na cinya kan fid da su tun da wuri. Bayan ta daina gasa ta riƙa zuwa Ikko tana taimakon masu neman yara masu baiwa da horad da su.

NA GABANTA DA NA BAYANTA

Alozie ba daga sama ta faɗo ba. Kafin a haife ta akwai Modupe Oshikoya, wadda ta ci tseren shinge a Wasannin Afirka na Ikko a 1973, ta kuma samo zinariya a tsallen nesa da tagulla a tseren shinge a Wasannin Ƙasashen Kwamanwel a Niyu Zilan cikin 1974. Bayanta Maria Usifo ta ci zinariya a Nairobi a 1987.

Sakan 12.44 na Alozie kuwa ya zauna shekara 23 ba wata 'yar Afirka da ta rage shi. Sai cikin Satumba 2021 wata 'yar Ijebu Ode, Tobi Amusan, ta yi 12.42 a Zurik. Ran 24 ga Yuli, 2022, a garin Yujin na Amurka, Amusan ta yi 12.12, saurin da ba mace a duniya da ta taɓa yi kafin ranar, ta kuma ci zinariyar gasar duniya a wannan yini. Ita ma ba doguwa ba ce, ita ma kuma a waje ta ƙarasa koyo, a wata jami'a ta Jihar Teksas.

Duk waɗanda muka ambata daga Kudu suka fito. Wannan bai nuna ƙafar 'yar Abiya ko ta Ogun ta fi ta 'yar Auyo ko Kafin Hausa ba. Abin da ya nuna shi ne a can akwai makarantun da suka jera shinge, suka riƙe agogo, suka rubuta suna.

KIRA GA MA'AIKATAN OFIS

Yanzu mu koma kan takarda. Abin da ya sami Alozie a Biyana ba shi ne na ƙarshe ba. Cikin 2021, 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle 10 na Nijeriya sun isa Tokiyo domin Olimfik, aka hana su shiga, ba don an kama su da laifi ba, sai don ba a yi musu yawan gwajin ƙwayoyi da doka ta ce a yi kafin gasa ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, mai jifan guduma, ta koma yi wa Amurka wasa, ta ci mata azurfa a Faris cikin 2024. A wasannin nan na Faris kuma Favour Ofili ta cancanci shiga gudun mita 100, amma ba a shigad da sunanta ba. Tun kafin su, Francis Obikwelu ya koma Fotugal, ya ci mata azurfar mita 100 a Atina a 2004. Salwa Eid Naser, haifaffiyar Nijeriya, ta ci wa Baharain zinariyar duniya ta mita 400 a Doha cikin 2019.

Wanda ke zaune a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma zai ce ina ruwansa da Tokiyo. Ruwansa kuwa har wuya, gama halin da ya ɓatad da suna a babban ofis shi ne ke ɓatad da shi a ƙarami. Wasiƙar gayyata zuwa gasar makarantu ta kan kwana cikin fayil har ranar ta wuce. Kuɗin mota da na abincin yara kan fito bayan an gama wasa. A kan rubuta shekarun yarinya da ka, a je wurin gasa a ce ta girme ajinta, a kore ta. Akawunan En'e na dā an san su da tsare littafi, har yau a kan buɗe rajistar haraji ta zamaninsu a karanta sarai. Magadansu a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, watau Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori, suna iya buɗe littafi guda na wasanni: sunan yaro ko yarinya, ranar haihuwa, makaranta, irin wasa, da lokacin da aka yi. Littafin da bai fi kuɗin goro ba shi zai sa a san wa za a aika Dutse, daga Dutse kuma wa za a aika Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara tun 1973.

KIRA GA MALAMAI

Malami zai ce ba shi da fili irin na Balansiya. Gaskiya ne, amma mafari ba ya bukatar wannan. Ƙasarmu tana da lokacinta. Cikin Agusta da Satumba Kogin Haɗejiya kan cika ya malala cikin fadamu, wata shekara, kamar 2020 da 2022, har ya ci gonaki da gidaje, filayen makarantu su zama tafki ko masaukin waɗanda ruwa ya kora. Saboda haka lokacin guje-guje a nan daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, bayan an kau da amfanin gona, kafin zafin bazara. Kada a yi a kan laka ta fadama wadda ta bushe ta tsattsage, don tana karya idon sawu. A nemi tudu mai jigawa wanda ƙasarsa ta ɗan daddale, a share tsakuwa da ƙaya.

Shinge kuwa karan dawa ya isa. Da fari a shimfiɗa karan a ƙasa, yara su riƙa gudu suna ƙetarewa da taku uku a tsakani, malami yana ƙidaya musu da tafi. In sun saba, a ɗora karan bisa gwangwani biyu, daga nan bisa 'yan sanduna masu baki biyu, ana ƙara tsayi kaɗan-kaɗan, ana kuma matso da shingayen kusa daidai da takun yara. Sharaɗi guda ne ba a wasa da shi: shinge ya zama mai fāɗuwa gaba da an taɓa shi. Kada a kafa shi ƙam, kada a ɗaure igiya, kada kuma a bar yaro ya tsallake shi ta baya. Ga 'yan matan da ba su kai shekara 18 ba, tsayin da doka ta sa santimita 76.2 ne, ba kuwa a kai su nan sai takunsu ya zauna.

Kada malami ya zaɓi dogaye kaɗai. Ya duba wadda ta fi sauri cikin taku ashirin na farko, wadda in ana 'yar gala-gala ko tsallen igiya ƙafarta ba ta daɗewa a ƙasa. Ya tuna da mita 1.55 na Alozie. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yarinya mai shekara 11 ko 12 ta kan koyi taku ukun nan cikin 'yan makonni, babba kuwa sai ta shekara tana fama.

Saura magana guda wadda ba ta ɓoyuwa, ita ce ta iyaye. Uba a Guri ko Birniwa yana da hakkin ya tambayi wace irin sutura 'yarsa za ta sa, wa zai koya mata, gaban wa kuma za ta yi gudu. Amsa ta gaskiya ita ke jawo yardarsa. Malama mace ta riƙe horon 'yan mata, a ware musu lokacinsu, su sa dogon wando da riga mai hannu da ɗankwali ko ƙaramin hijabi wanda ba zai kama shinge ba. A gayyaci iyaye mata ran gasa su gani da idonsu. Ba mu ne farkon Musulmin da suka bi wannan hanya ba. Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinariyar tseren shinge na mita 400 a Los Anjalis cikin 1984, daga baya har ta zama ministar matasa da wasanni ta ƙasarta. Ruqaya Al-Ghasra ta Baharain kuwa da hijabinta da dogon wandonta ta ci zinariyar mita 200 a Wasannin Asiya a Doha cikin 2006.

Kwalejojin horon malamai, kamar ta Gumel, su ne mabuɗin wannan al'amari, don malamar da ba a koya mata auna mita 13 da 8 da rabi ba, ba za ta koya wa kowa ba. Ya kamata kowace ɗaliba mai koyon aikin malanta ta fita da sanin yadda a ke shata fili, da riƙe agogo, da rubuta sakamako.

Ba mu ce kowace makaranta za ta fid da gwanar duniya ba. Cikin dubu ɗaya da suka gwada, watakila guda ce za ta kai Dutse, sauran kuwa su sami lafiyar jiki da ƙarfin zuciya, wannan ma riba ce babba. Amma gudan nan tana nan a wani aji yanzu haka, ko a Malam Madori ko a Kirikasamma. In malaminta ya gan ta, akawu kuma ya aika da sunanta kan lokaci, ran da aka ɗaga mata tuta ba za mu yi ta tambayar dalilin da ya sa ba tamu ba ce. Allah ya ba mu ikon kula da amanar da ke hannunmu.